Takun Baba Makulli

Makulli ba sunansa na yanka ba ne, amma ko a asibiti in aka kira sunansa na gaskiya sai an maimaita sau uku kafin ya waiwaya. Sunan ya samo shi ne daga wata sandar ƙarfe da ya yi shekara talatin da takwas yana saɓawa a kafaɗa. Doguwa ce, ta kai masa ƙirji, samanta da mariƙi biyu kamar kan keke, ƙasanta da baki mai kusurwa huɗu. Da ita ake buɗe wa unguwa ruwa, da ita ake rufewa, shi ya sa ake ce mata makulli. Duk babban bututun da ke kwance a ƙarƙashin titi yana da bawul, wato abin da ake murzawa a tsayar da ruwa in bututu ya fashe, kuma kowane bawul yana cikin ɗan rami mai murfin ƙarfe. Murfin nan kuwa ba ya daɗewa a fili. Damina ɗaya ta isa ƙasa ta shanye shi, mai shago ya zo ya zuba siminti, masu titi su zo su malala kwalta. Bayan shekara biyar babu mai iya ce maka ga inda yake, sai mutum ɗaya a duk ofishin ruwa.

Da lebura ya fara, yana saurayi, diga da shebur. Allah Ya haɗa shi da wani tsohon ma'aikaci mai faɗan tsiya, wanda ba ya koya wa kowa komai sai da tsawa. Ran da suka binne bawul na farko tare, tsohon ya ce masa, "Kai, dogo, auna mana."

Ya ce, "Ai tef ɗin yana wajen injiniya."

"Ran da bututu zai fashe injiniya yana gidan surukansa. Ƙafarka fa, ita ma a ofis ka baro ta? Nemi abin da ba ya tashi, ka jingina bayanka da shi, ka taka ka ƙirga. Ban da bishiya, sarewa ake yi. Ban da rumfar mai shayi, gobe ya yi faɗa da maƙwabci ya ƙaura."

Tun daga ranar yake ƙirga taku. Ya sayi ɗan littafi mai shiga aljihu, da fensir ɗaure da zare, ya riƙa rubutawa da rubutunsa mai kama da sawun kaji: kwanan wata a sama, sannan sunan titi, sannan "daga kusurwar katangar makaranta, ka fuskanci gabas, taku talatin da shida." In littafi ya cika ya sa masa lamba a bango ya sayi wani. Har ƙirgar ta shiga jikinsa, ko masallaci za shi leɓensa na motsi, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka tasbihi yake yi.

Wadda ta fi kowa sanin takun nan ita ce matarsa, Innar yara, Allah Ya jiƙanta. Ba ta da yawan magana, amma kunnenta ba ya barci. Gidan haya suka fara zama, daga baya ya sayi wannan ɗan gidan mai ɗaki uku, da tsakar gida doguwa siririya, famfo a kusurwa. In ya taso aiki da yamma, sai ta ji ƙarar sandar ƙarfe ya jingine ta bayan ƙofar gida. Daga nan ba ta ɗaga kai daga abin da take yi, sai dai ta ƙirga a zuci. Kafin ya yi taku na tara ya ɗaga labulen ɗaki, ta riga ta miƙe da kofin ruwa a hannu. Yakan ce mata, "Ke wai duba kike yi?" Ita kuma ta ce, "Mai binne ruwa a ƙasa ai bai kamata ya shigo gidansa ya jira ruwa ba." Ita ta ba shi akwatin ƙarfenta da ta zo da shi, ta kwashe kayanta ta ce ya zuba littattafan, don ɓera ya fara ɗanɗana na uku.

A shekara ta goma sha bakwai da fara aikinsa igiya ta tsinke ana sauke bututu cikin rami, bututun ya sauka a kan ƙafarsa ta hagu. Wata huɗu yana kwance. Cikin watannin nan aka haifi 'yarsu ta ƙarshe, wadda har yau ba a kiranta da komai sai Auta. Abokinsa Tela, mai shago a titin makaranta, da ya zo dubiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ikon Allah, jego biyu a gida ɗaya. To wa ke dafa wa wani ruwan zafi?"

Ƙafa ta warke, ya koma bakin aiki da ɗan ɗingishi wanda shi kansa bai taɓa yarda yana yi ba. In Tela ya ce, "Ga gurgu nan tafe," sai ya ce, "Titin naku ne a karkace, ɓarawon ƙyalle." Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari. Ya cika littafi ashirin da uku. Ran da ya yi ritaya, ofis ya sayi sababbin makullai masu fenti, aka bar masa tsohuwar sandarsa ya tafi da ita. Babu wanda ya tambaye shi littattafan, shi ma bai ce komai ba. Shekara uku bayan haka Innar yara ta rasu, bayan gajeriyar jinya, kamar yadda ta yi komai nata a rayuwa, ba hayaniya. Akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Yara suka watse gidajensu da wuraren aikinsu, ya rage daga shi sai Auta.

Auta ta yi karatun taswira, kuma da ta gama sai rabo ya kai ta wannan ofishin ruwan dai, hawa na biyu, ɗakin da a da ake jibge tsofaffin fayil. Wata rana ta matsa masa sai ya zo ya ga aikinta. Ya sa rigarsa ta fita, ya hau matakalar yana riƙe da ƙarfen gefe. Ɗakin sanyi ƙalau, kwamfutoci huɗu, da wani babban allo a bango. Ta danna wani abu, sai ga garin gaba ɗaya kamar yadda shaho ke ganinsa, hoton da tauraron ɗan adam ya ɗauko daga sama. Ta jawo, ta jawo, har ga rufin gidansu, har da inuwar igiyar shanya.

Ya ce, "A'uzu billahi. To mutum ya shanya wandonsa ke nan duniya na kallo?"

Ta yi dariya ta ce, "Tsaya ka gani, Baba." Ta nuna masa yadda abin yake hawa-hawa, kamar zannuwan da aka jera a akwati, in ka ga dama ka ɗaga wannan ka duba na ƙasa. Shimfiɗa ɗaya tituna ce zalla. Ɗaya gidaje da lambobinsu. Ɗaya turakun wuta. Ɗaya magudanan ruwan sama, da jan launi a wuraren da ambaliya ta saba ci. Kuma ba nasu ba ne su kaɗai: masu titi, masu wuta, 'yan kwana-kwana, masu kwasar shara, kowa daga ofishinsa wannan taswirar yake buɗewa, abin da wannan ya sa wancan ya gani nan take. Ta ce da haka ake gane unguwar da ta yi yawan mutane famfo ya yi mata kaɗan, da haka masu titi ke sanin inda ba za su sa katafila ba.

Ya ce, "To ina namu?"

Ta buɗe shimfiɗar ruwa. Layuka shuɗɗa suka fito a sababbin unguwanni, tsaf-tsaf. A tsakiyar gari kuwa, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, fili ne fetal, sai layi ɗaya nan, ɗaya can, babu bawul ko guda.

Suka koma gida. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙurar, ya ce, "Ga shi nan. In zai yi muku amfani."

Auta ta kai wa shugabansu, Injiniya, mutum mai kirki amma mai tsoron abin kunya. Ya juya littafi ɗaya a hannu ya ce taku ba ma'auni ba ne. Ta ce ai mai takun yana raye, sai a auna shi. Ranar Asabar ta shimfiɗa tef a tsakar gida, ta sa mahaifinta ya yi ta kai da kawowa har sau goma, yana mita, "Yau ni aka mayar akuyar kasuwa." Ta raba ta samu takunsa santimita sittin ne. Da wannan ta buga kowace lamba da ke cikin littattafan nan ashirin da uku. Wata biyu tana yi. In rubutu ya gagare ta sai ta kawo masa shafin, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, maimakon ya faɗi lambar sai ya ce, "Wannan ai ranar ce aka yi ruwan da ya tafi da gadar kasuwa. Innarki ta aiko mini da laima, bayan na riga na jiƙe har ɓargo." Sai ta jira ya gama, sannan ta ce, "Baba, bakwai ce ko ɗaya?"

Da ta gama, ɗigo dubu ɗaya da 'yan kai suka bayyana a taswirar, kowane ɗigo bawul ne. Injiniya ya ce a gwada. Aka ɗauki guda biyar a unguwannin bayan tasha, waɗanda aka shimfiɗa wa bututu a shekarunsa na ƙarshe. Aka je da 'yar na'urar hannu mai nuna wa mutum inda yake tsaye a taswira, aka tona, duk biyar ɗin diga ta daki murfi. Ranar Baba Makulli bai zauna a gida ba. Ya tafi shagon Tela ya zauna a kan bencin simintin da ke ƙofar shagon, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Yanzu ni a kwamfuta nake. Kai fa, a ina kake?"

Tela ya ce, "Ni a aljihun mutane nake. Matsa, ka tare mini haske."

Ba a yi wata guda ba magana ta juya. Masu titi za su sake zuba kwalta a titin makaranta, titin shagon Tela. Suka buɗe taswira suka ga ɗigo a wurin, suka aiko cewa a zo a ɗago murfin bawul ɗin kafin ranar Alhamis, in ba haka ba za su binne shi. Helman ofishin ruwa, wato shugaban leburori, ya kwashi mutanensa ranar Litinin, suka tona inda na'ura ta nuna. Babu komai sai jar ƙasa. Suka gwada wasu biyu a tsohuwar unguwa, don su ga ko wannan ne kaɗai. Nan ma wayam. Rami uku, gumi na banza, ga masu shaguna na zagi an tare musu hanya.

Auta ta dawo gida ranar ba ta iya cin abinci ba. Da ƙyar mahaifinta ya ja maganar daga bakinta. Injiniya ya ce wannan taswira ofisoshi shida ne ke dogaro da ita, ba zai bari ran da gobara ta tashi 'yan kwana-kwana su je suna tonon ƙasa a kan ƙila-wa-ƙala ba. In ba a ga bawul ɗin titin makaranta ba kafin Alhamis, a goge ɗigon tsoho gaba ɗaya, na daidai da na kuskure, tunda ba a san wanne ne wanne ba.

Ya ce, "A goge?"

"Dannawa ɗaya ce, Baba."

Shekara talatin da takwas, dannawa ɗaya. Ya kalli akwatin da ke gefen gado ya ce, "Na'urarku ce ke ƙarya. Gobe ni zan je da ƙafata."

Da safiyar Talata ya ɗauko sandar daga bayan ƙofa, ya goge ta da tsumma, ya saɓa. Rabon kafaɗarsa da ita shekara takwas, amma gurbin na nan. A titin makaranta ya tarar da Helma da mutanensa, da Auta riƙe da littafi na huɗu, har Injiniya ya zo ya tsaya a inuwa. Masu shaguna suka firfito. Tsofaffin cikinsu suka gane shi. "A'a, Baba Makulli! Yau za a ɗauke ruwa ke nan, a tara a bokiti!" Ya ɗaga musu hannu. Ya je kusurwar katangar makaranta, katangar da ke nan tun yana lebura, an yi mata fenti ya fi sau goma amma ba ta gusa ba. Ya jingina bayansa, ya fuskanci gabas, ya yi bismilla ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. A na talatin da shida ya tsaya. Da ya duba ƙasa, yatsun ƙafarsa a bakin ramin da suka tona jiya suke.

Ya ce, "A faɗaɗa."

Aka faɗaɗa. Ya ce a ƙara zurfi, aka ƙara. Rana ta take. Ya sake komawa katanga ya sake takowa, nan dai ya sake tsayawa. Helma ya fito daga ramin yana share gumi da hula, ya ce, "Baba, mu fa mun kusa gaisawa da mutanen ƙasan duniya." Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma ya ji, "Tsufa ne, Allah Ya sa mu gama lafiya." Injiniya ya matso ya ce cikin ladabi, "Baba, ka yi ƙoƙari. A je a huta." Wannan ladabin ya fi dariyar ciwo. Auta ba ta ɗago kai daga littafin ba.

Tela ya jawo shi ya zaunar a bencin ƙofar shago, ya miƙo masa ruwa. "Sha, gurgu. Wataƙila bawul ɗin ne ya gaji da jiranka ya yi ƙaura." Ga mamakin Tela, bai rama ba. Ya sha ruwan, ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, yana janta a ƙasa maimakon ya saɓa.

Bayan la'asar ya isa gida. Ya jingine sandar a bayan ƙofa, ta yi 'yar ƙarar nan da ta saba yi. Gidan shiru, famfo na ɗiga a kusurwa. Ya nufi ɗaki, leɓensa na motsi kamar kullum ba da saninsa ba. Da ya kai hannu ga labule, bakinsa ya ce, "Sha biyu."

Ya tsaya da labulen a hannu.

Nan gefen ƙofar Innar yara take zama, a kan 'yar kujera, inda siminti ya ɗan lotsa. Sai ranar ta dawo masa kamar jiya, ranar da ya fara komawa aiki bayan karaya. Ya shigo ya ɗaga labule ya tarar da ita tsaye da kofi a hannu, Auta a goye, tana kallonsa wani iri. Ta ce, "Na miƙe tun a na tara, ina tsaye ba ka iso ba. Har gabana ya faɗi, na ce ko baƙo ne ya shigo. Ashe yanzu sha biyu kake yi." Ya ce mata, "Gidan ne ya ƙara tsawo da ba na nan." Ta yi murmushi, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ta dai koma miƙewa a na sha biyu.

Ya saki labulen ya zauna a wurin nata. Ya yi mata addu'a, ya daɗe yana yi. Sannan ya jawo akwatin ya fito da littattafan ya baje su a tabarma, yana duba kwanan watan da ke saman shafi. Na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya ya ajiye hannun dama. Na goma sha biyu ya fara ne da wata biyar bayan haihuwar Auta. Daga shi zuwa na ƙarshe ya ajiye hagu.

Haka Auta ta shigo ta same shi. Kafin ta yi sallama ya ce, "Ina tef ɗinki? Auna mini daga ƙofar gida zuwa wannan labulen."

"Baba, don Allah ka bar maganar nan, ka huta."

"Auna, na ce."

Ta auna. Mita bakwai da santimita ashirin.

"Raba shi gida sha biyu."

"Sittin. Ai shi ne takunka, shi na yi aiki da shi."

"Takun ubanki gurgu ke nan." Karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakinsa. "Yanzu raba shi gida tara."

Ta danna wayarta. "Tamanin. Tamanin ɗin me?"

"Na mutumin da ya rubuta waɗannan." Ya dafa littattafan dama. "Ke ba ki san shi ba, kafin a haife ki ya tafi. Innarki ce ta san shi." Ya ba ta labarin kofin ruwa. Auta ta zauna a ƙasa, ta kalli ƙofar gida, ta kalli labule, ta sa gefen mayafi ta goge ido. Sannan ta ɗauki littafi na huɗu ta yi lissafi: talatin da shida na wancan mutumin, arba'in da takwas ne na wannan.

Ranar Laraba da hantsi suka koma. Injiniya bai zo ba, ya dai ce wa Helma ya ba su rami ɗaya, na ƙarshe. Katafilar masu titi har ta iso tana fake a bakin makaranta. Baba Makulli ya jingina da katanga ya fara takowa. Ya wuce ramin jiya, ya ratsa ta gefensa. Arba'in. Arba'in da biyar. Tela na zaune a bencinsa yana warware wani ɗinki, ya ga mutum na nufo shi kai tsaye. A na arba'in da takwas gwiwar Baba Makulli ta taɓa gwiwar Tela.

"Tashi."

"In tashi in je ina? Shagona ne."

"Tashi, ɓarawon ƙyalle. Ashe ba ƙyalle kaɗai kake ɓoyewa ba."

"Kai, wannan bencin da hannuna na zuba shi, shekara ashirin da biyar ke nan! Kai kanka ka fi kowa cin moriyarsa. Wallahi in kuka fasa ba ku ga komai ba, a bayanka zan riƙa zama."

Helma ya dubi Auta, Auta ta nuna masa na'ura, ta gyara lissafin, ɗigon ya dawo daidai kan rufin rumfar Tela. Aka sa guduma. Benci ya tafi, dakalin ƙasansa ya tafi, Tela na tsaye da almakashi a hannu yana salati. Diga ta shiga sau ɗaya, sau biyu. A ta shida aka ji ƙarar da duk ma'aikacin ruwa ya sani, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe.

Suka share ƙasar da hannu suka ɗaga murfin. Helma ya miƙo sabon makullinsu mai fenti, sai kuma ya fasa, ya ja da baya. Baba Makulli ya zura tsohuwar sandarsa cikin ramin, ya laluba har bakinta ya zauna. Ya riƙe da hannu biyu ya murɗa. Ta ƙi. Helma ya kama ɗaya mariƙin, suka murɗa tare, bawul ɗin ya yi wani kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya motsa. Matar da ke wanke kwanuka a famfon gaba ta ɗaga murya, "Wa ya ɗauke ruwa kuma?" Titin ya kwashe da dariya. Baba Makulli ya mayar ya buɗe mata.

Tela ya ce, "To, wa zai gina mini benci?"

"Shekara ashirin da biyar kana zaune a kan aikina ban ce komai ba. Sayi kujera."

A ranar aka koma sauran ramuka biyun da sabon lissafi, duka aka samu. Injiniya da kansa ya kira shi a waya ya ce a yi haƙuri, shi kuma ya ce ba komai, gaskiyarsa ce, da shi ne ma haka zai yi. Kwana biyu Auta ta yi tana gyara ɗigon littattafai goma sha ɗaya na farko. Da ta gama ta sake kawo shi hawa na biyu. Ta buɗe shimfiɗar ruwa a babban allo, tsakiyar gari ta cika da ɗigo shuɗɗa, titi bayan titi. Ya matsa kusa yana bin su da yatsa ba tare da ya taɓa ba, yana kiran wuraren da sunayen shagunan da suka daɗe da rushewa.

Ta nuna masa cewa in aka danna ɗigo, ɗan akwati na buɗewa da bayaninsa: girman bututu, shekarar da aka binne, da inda aka samo labarin. A nan ta rubuta, "Littafin Baba Makulli, na huɗu."

Ya ce, "Wa ke ganin wannan?"

"Duk wanda ya buɗe. Masu titi, 'yan kwana-kwana, har waɗanda za su zo bayanmu."

"To akwai gyara. Ni rubutawa na yi. Awon ba nawa ba ne."

Auta ta jawo allon rubutu gabanta. A ƙarƙashin kowane ɗigo na littattafan farko ta ƙara layi ɗaya: "Taku santimita tamanin, bisa ƙirgar matarsa." Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana haɗa baƙi, har ƙarshe. Ya cire tabarau ya ninke.

Ya ce, "Da tana nan cewa za ta yi wa ya aike ku."

Ya riƙe ƙarfen matakala ya sauka, ya ƙi a kira masa mota. Ya bi ta titin makaranta, sabuwar kwalta na ƙamshi, murfin bawul na zaune a fili daidai ƙofar shago, Tela kuma a kan wata kujerar roba yana harararsa. Ya isa gida kafin la'asar, ya tura ƙofa, ya taka a hankali. A na tara ya ɗan dakata, kamar mai ba wani lokaci ya miƙe, sannan ya ƙarasa sauran ukun.